Dreamliner: Jirgin Da Ya Shirya Inna Da Sararin Sama

Tun dawowarta daga aikin Hajji shekarun baya Inna ta yanke hulɗa da jirgin sama. Ta sauka a Kano da ciwon kai kamar ana sara mata gatari, hanci ya bushe har ya yi haɓo, murya ta dishe, ƙafafu sun kumbura silifas ya ƙi shiga. Kwana uku tana kwance, 'yan barka da sauka suna zuwa suna komawa ba su karɓi ko ƙwayar dabino daga hannunta ba. Daga nan duk sanda aka kawo zancen Umara sai ta kaɗa kai ta ce, "Ɗakin Allah kam ina marmarinsa, amma wannan gwangwanin da ake rufe mutane a ciki, a kai kasuwa."

Ni kuwa sana'a ta mai da ni ɗan gida a filin jirgi. Kayan lantarki nake sarowa, shekara ba ta ƙarewa ban leƙa Dubai ko ƙasar Sin sau uku sau huɗu ba. Na sha zaman awa goma a kujera ɗaya, na sha sauka da kai mai nauyi kamar an kifa mini turmi, har na sallama cewa haka tafiyar sama take, wanda ya shiga dole ya biya da jikinsa. Sai wata safiya wani jirgi ya sauke ni bayan tafiyar dare guda, na fito garau, ido bai yi ja ba, maƙogwaro bai kafe ba, na wuce kasuwa kai tsaye ban nemi katifa ba. A hanyar dawowa na zaro katin nan da ake sakawa a aljihun kujera na duba sunansa: Boeing 787, wanda ake wa laƙabi da Dreamliner. Tun daga ranar nake farautarsa. Bari in faɗa tun da wuri don kada a ce na ɓoye: ina son jirgin nan, so irin wanda abokaina a kasuwa har sun gaji da jin labarinsa. In na fara sai su ce, "To, dillalin Boeing ya iso." Ko sisi ba a ba ni ba, yabon gwani ne ya zama dole.

Da na je wa Inna da batun, na ce mata, "Inna, akwai wani jirgi, shi daban yake." Ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana. Ta dube ni ta ce, "Kai wannan, duk kanwar ja ce." Wata biyu ina lallashi kafin ta amince, shi ma da sharaɗin in ta dawo a kwance ni zan riƙa dama mata kunu.

Abin da ya fi burge ni a jirgin nan abu ne da ido ba ya gani, wato iskar da ke cikinsa. A can sama inda jirage ke tafiya, ƙafa 35,000 zuwa 40,000, iska ta yi shara-shara, ba ta isa ta riƙe ran mutum ba. Don haka ake ɗura iska a cikin jirgi a matse ta. Amma duk ɗurawa gangar jirgin kan ɗan kumbura kamar balan-balan, duk sauka ta saki, kuma ƙarfen alminiyam yana gajiya da wannan kumburi da saki. Saboda haka ake sassauta matsin a tsofaffin jirage, har iskar ciki ta zama daidai da ta kan dutse mai tsawon ƙafa 8,000, wajen mita 2,400. Wannan shi ne tsawon Chappal Waddi na jihar Taraba, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya. Kano kuwa ba ta kai mita 500 daga doron teku ba. Ke nan an ɗauki tsohuwa daga tsakar gidanta, cikin rabin awa an ɗora ta a ƙololuwar dutse, an ce ta zauna nan awa shida ko bakwai. Ina kai ba zai yi ciwo ba?

Shi 787 rabin nauyinsa ba ƙarfe ba ne. Zaren kabon ne aka nannaɗe aka daskarar da shi da wani irin danƙo aka gasa, ya fito da ƙwari ga rashin nauyi, kuma ba ya gajiya irin ta alminiyam. Wannan ya ba da damar ƙara matsin iskar ciki zuwa daidai da ƙafa 6,000, wajen mita 1,800, tsawon ƙololuwar duwatsun Shere da ke gefen Jos. Mai karatu zai ce ƙafa dubu biyu ai ba wani abu ba ne. Jiki ya san bambancin. Ba da ka aka zaɓi adadin ba: an yi gwaji tare da Jami'ar Jihar Oklahoma a Amurka, inda aka sa mutum 502 rukuni-rukuni a wani ɗaki da ake iya rage wa iska, kowane rukuni ya yi zaman awa 20 kamar a jirgi. Sakamakon da aka buga a 2007 ya nuna cewa daga ƙafa 7,000 zuwa 8,000 ne rashin jin daɗin jiki ke ƙaruwa, kuma yana fara bayyana bayan awa uku zuwa tara. Abin da Inna ta gaya mana daga kan gadonta ke nan, su kuma suka tabbatar da shi da na'ura.

Sai batun bushewa. Duk wanda ya taɓa doguwar tafiya a tsohon jirgi ya san hunturun da ke cikinsa: leɓe ya tsage, ido ya yi kamar an watsa masa yashi, tuwon da aka kawo ma ya yi salam a baki. Danshin iskar kan faɗi ƙasa da kashi 10 cikin ɗari, bushewa irin ta tsakiyar jaura ko fiye. Da gangan ake barinsa haka, domin laima in ta taru a jikin ƙarfe mai sanyi tana cinsa. Zaren kabon kuwa ba ruwansa da tsatsa, don haka 787 yana iya riƙe danshi har wajen kashi 15. Ba damina ba ce, har yanzu sai mutum ya sha ruwa, amma hanci yana gode wa wannan ƙarin. Akwai kuma wata dabara da nake jin daɗin ba da labarinta. Yawancin jirage daga cikin injinsu suke tatso iskar da fasinja ke shaƙa, a sanyaya ta a turo. Shi wannan ta wasu kafofi a ƙarƙashin cikinsa yake zuƙo iska daga waje kai tsaye, na'urorin lantarki su matse ta, matatai su tace ta. Ƙaurin man inji ba shi da hanyar biyowa ta nan.

Daren da muka tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano, na sama wa Inna kujerar taga. Tana zama ta fara lalube a saman gilashin, tana neman marfin nan da ake ja ƙasa. Babu.

"Kai wannan, tagar tasu ba ta da ƙyaure?"

"Inna, danna wannan madannin na ƙasa."

Ta danna da ɗan yatsa ɗaya, a tsorace, kamar mai taɓa tukunya a kan wuta. Fitilun filin jirgi da ke waje suka fara dusashewa a hankali, gilashin yana rinewa, shuɗi-shuɗi, har ya koma kamar zanen da aka tsamo daga marinar Ƙofar Mata. Ta danna na sama, ya fara washewa. Ta sake dannawa. Wata 'yar yarinya da ke bayanmu ta leƙo tana dariya, Inna ta juya ta ce mata, "Yi naki mana, 'yar nan, ai kowa da tasa." Matar da ta shigo tana jan carbi da ƙarfi saboda fargaba, har jirgi ya ɗaga ba ta lura ba, tana can tana rini.

Tagar nan kaɗai ta isa a rubuta mata sharhi. Tsawonta wajen santimita 47, kamu guda ke nan, faɗinta wajen 27. Babu jirgin fasinja na wannan zamani da tagarsa ta kai ta girma, kuma ƙwarin zaren kabon ne ya ba da damar huda gangar jirgi da faɗi haka. An ɗaga ta sama daidai idon mutum, ba sai ka sunkuya kamar mai leƙen rijiya ba, kuma wanda ke kujerar tsakiya ma yana hango inda sama ta haɗu da ƙasa. Wannan hange yana rage jiri da jin an kulle ka. Tsakanin gilasan akwai wani siririn sinadari da ke duhu in wutar lantarki ta ratsa shi, mataki biyar daga fari tas zuwa duhu. Amfaninsa na gani da ido wajen asuba. Gabas muka nufa, alfijir ya riga agogonmu. A wani jirgin da sai an ɗaga marfi, haske ya faɗo wa masu barci a fuska a fara tsaki. Inna kuwa ta cikin shuɗin gilashinta ta hango jan layin alfijir ya keto, ta taɓa ni ta ce lokaci ya yi, ta yi sallarta a zaune, ba wanda ya motsa.

Da gari ya waye ta hango fiffike, sai ga tsoro ya dawo. Ta damƙe hannuna. "Innalillahi! Fiffiken nan lanƙwashewa yake yi!" Gaskiyarta, lanƙwashewa yake yi, ƙarshensa ya ɗago sama kamar na shaho in ya saki jiki a iska. Na ce mata, "Inna, in guguwa ta taso, wanne ke karyewa, ɗanyen reshe ko busasshe?" Ta ce busasshe. Na ce to wannan ɗanye ne. Daga wannan ƙarshe zuwa wancan fuka-fukan sun kai mita 60, fiye da rabin tsawon filin ƙwallo, kuma a gwajin da aka yi musu a 2010 an tanƙwara su sama wajen mita bakwai da rabi ba su karye ba. Wannan laushi yana shanye wani kaso na gargadar iska kafin ta iso kujera. Ban da shi akwai na'urori da ke jin canjin iska, nan take kwamfutar jirgin ta motsa wasu faifai a jikin fiffike don rage jijjigar. Ban ce ba a jin gargada ba, ana ji, kuma in fitilar ɗamara ta kama a ɗaura. Amma ramin da zai sa shayi ya fantsama a wani jirgin, a nan sau da yawa ɗan rausaya kawai kofin ke yi.

Ga kuma sauƙin ƙara. In ka hango injin 787 daga baya za ka ga bakinsa a tsattsage kamar haƙoran zarto. Ba ado ba ne. Iskar da ke fitowa daga inji da gudu tana karo da wadda ke kewaye da ita, wannan karon ne ke haifar da rugugin da ke cika kunne. Haƙoran suna sa su gauraya cikin laushi. Ni da Inna mun yi hirar gida, ta wane ya auri wace da wa ya ƙi zuwa suna, ba tare da ɗaga murya ba. Fitilun ciki ma ba sa faɗo maka bagatatan. In za a tashi mutane don karin kumallo sai su fara da ja-ja kamar hudowar rana, su washe sannu a hankali.

A nan ne son da nake wa jirgin ya samo tushe. Yawancin jin daɗin tafiyar sama na sayarwa ne. Mai kuɗi yana can gaba an shimfiɗa masa gado, an ja labule, ana kawo masa abinci a faranti mai fashewa, mu 'yan baya muna ƙirga gwiwoyi. Amma labule ba ya raba iska. Matsin iskar da attajirin kujera ta ɗaya ke shaƙa shi ne wanda ɗan kasuwar Sabon Gari ke shaƙa a layi na talatin, danshin ɗaya ne, girman tagar ɗaya ne, laushin fiffiken ɗaya ne. A cikin ƙirar jirgin aka gina su, babu yadda za a yi a sa musu farashi daban. Ni ban san wani gyara da aka yi wa tafiyar sama a zamaninmu da ya isa ga talaka kai tsaye kamar wannan ba.

Jirgin ma yana da tarihi mai daɗin bayarwa. Da farko 7E7 ake ce masa, sunan Dreamliner kuwa jama'a ne suka zaɓa ta ƙuri'a a 2003. An fito da shi bainar jama'a ranar 8 ga Yuli, 2007, kwanan watan da a rubutun Amurkawa ke fitowa 7-8-7. Ya fara tashi ranar 15 ga Disamba, 2009, kamfanin ANA na Japan ya fara ɗaukar fasinja da shi a Oktoban 2011 daga Tokyo zuwa Hong Kong. Fuka-fukansa a Nagoya ta Japan ake ƙera su, wani sashe na gangarsa a Italiya, a kwaso a haɗa a Amurka. A Afirka kamfanin jiragen Habasha ne ya fara mallakarsa, a Agustan 2012. Saboda yana shan mai ƙasa da na jiragen da ya gada da wajen kashi 20 cikin ɗari, ya buɗe hanyoyin da a da ba sa biyan kuɗin mai: a Maris na 2018 kamfanin Qantas ya fara tashi da shi daga Perth ta Ostareliya zuwa Landan ba tsayawa, awa 17 a sama. Da Qatar Airways ya fara zuwa Kano a Maris na 2022, da irinsa ya zo.

Mutum tara yake bai cika goma ba, balle abin da mutum ya ƙera. A Janairun 2013 an dakatar da duk jiragen 787 na duniya wajen wata uku bayan batura sun yi zafi sun ƙone a jirage biyu. Aka sake musu tsari, aka kulle su cikin akwatin ƙarfe mai hanyar fitar da hayaƙi waje, kuma jirgin Habasha ne ya fara komawa aiki, daga Addis Ababa zuwa Nairobi, ranar 27 ga Afrilu. A ranar 12 ga Yuni, 2025 kuma wani 787 na Air India ya faɗi jim kaɗan bayan tashi daga Ahmedabad, mutum 241 cikin 242 da ke ciki suka rasu, ban da waɗanda abin ya rutsa da su a ƙasa. Shi ne haɗarin farko da ya ci rayukan fasinjojinsa tun da ya fara aiki, kuma masoyin gaskiya ba ya tsallake wannan. Allah ya kiyaye na gaba. Sai ƙorafin yau da kullum: yawancin kamfanoni suna jera kujera tara a layi, uku-uku-uku, a faɗin da takwas ta fi dacewa da shi, don haka mai faɗin kafaɗa zai yi gogayya da maƙwabcinsa. Japan Airlines ya riƙe takwas a jiragensa na ƙetare, Allah ya ƙara masa kasuwa. Wasu kuma suna kukan cewa tagar ba ta toshe rana ɗungurungum, kuma ma'aikatan jirgi na iya kulle madannin daga wajensu. Yana da kishiya ma, A350 na kamfanin Airbus, wanda shi ma zaren kabon ne kuma iskarsa mai daɗi ce. Na hau shi, ba ni da abin cewa a kansa sai alheri. Zuciya dai tana da nata zaɓin.

Wanda ke son ya ɗanɗana, abin da sauƙi. Lokacin yankan tikiti ka tambayi ejan irin jirgin, ko ka duba da kanka: in ka ga 787, ko 788, ko 789, shi ne. Kamfani na iya sauya jirgi a ranar tafiya, wannan sai haƙuri. Mai tsoron gargada ya nemi kujera saitin fiffike, nan ne jijjiga ta fi sauƙi, sai dai fiffiken zai tare masa kallon ƙasa. Dattijo mai yawan zagayawa ya fi jin daɗin kujerar bakin hanya. A sha ruwa a kai a kai, a miƙe a taka bayan kowace awa biyu don jini ya zaga ƙafa, a sa takalmi mai sakewa. In jirgi ya fara gangarowa a tauna cingam ko ɓarin goro don kunne ya buɗe, mai goyo kuma ta ba jariri nono.

Da muka sauka aka turo wa Inna keken tura marasa ƙarfi, wanda na yi odarsa tun daga Kano. Ta dubi keken, ta dubi saurayin da ya kawo shi, ta ce ya kai wa mai bukata. Da ƙafarta ta taka doguwar barandar nan, ni ina biye da jakunkuna ina haki. Muka yi Umararmu lafiya, muka dawo a irin jirgin. Ranar da muka iso gida ba ta ko kishingiɗa ba. Ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta zazzage dabino da bagaruwa a faranti, tana zuba wa kowa zamzam a ɗan kofi da hannunta. Ina daga zaure na jiyo ta tana gaya wa aminiyarta, "Hajiya, in za ku tafi ku ce wa yaran su sa ku a mai tagar dannawa. Sauran duk wahala ce."

Kunun da aka yi sharaɗi ban dama ba. Sai dai tun watan Rajab ta fara aiko jikokinta shagona, wai a tambaye ni ko an fara yankan tikitin Umarar azumi.